Tsatsa, rana da ruwa: Binciken da ka iya sauya lissafin taki a Funtua da Malumfashi

Duk manomin masara a Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur ko Malumfashi ya san makonnin da suka fi tayar masa da hankali a damina. Su ne lokacin da shuka ta kai gwiwa, ganyenta na ƙasa ya fara komawa ruwan ɗorawa, alamar tana neman taki na biyu.

Idan yuriya ta samu a kan kari, goyo zai cika. Idan ta makara da mako biyu ko uku, sai dai a yi haƙuri da abin da Allah Ya bayar a kaka.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, asalin abin da ke cikin farin buhun nan iska ce. Kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya sinadarin naitirojin ne, shi kuwa naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Kyauta yake shawagi a saman kowace gona. Tsadar tana wajen abokin haɗinsa, wato iskar haidurojin, wadda masana'antu a Legas da Ribas ke tatsowa daga iskar gas kafin tireloli su hauro da takin zuwa Arewa.

Sai dai akwai haidurojin a cikin ruwa ma. Fiye da shekara 50 ke nan masana a Japan da Turai da Amurka suna ƙoƙarin ƙera wani faifai da za a tsoma a ruwa, a ajiye a rana, ya riƙa raba ruwan gida biyu, haidurojin gefe guda, oksijin gefe guda, ba tare da inji ko man fetur ba. Ɗaya daga cikin kayan da suka fi ɗora wa rai kuwa shi ne wanda kowane maƙeri ke ƙyama, wato tsatsa.

Har yanzu abin bai fito kasuwa ba. Dalilin da ya hana shi fitowa kuma, manomin tumatir na Ɗanja zai fi kowa saurin gane shi.

Yadda masara ta ɗaure yankin da buhun taki

A da, auduga ce sarauniyar kudancin Katsina. Ita ta kawo injinan gurza a Funtua da Malumfashi tun zamanin Turawa, ita ce kuma jirgin ƙasa ke kwasa. Dawa da gero su ne na rumbu. Masara kuwa ta bayan gida ce, wadda ake gasawa a ci kafin sabon hatsi ya shigo.

Lissafin ya sauya ne daga 1975, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo hanyoyin karkara, malaman gona, cibiyoyin sayar da kayan noma, da sabon irin farar masara mai suna TZB daga cibiyar binciken noma ta Ibadan. Uwa uba, ya kawo takin zamani a lokacin da gwamnati ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa.

Cikin shekaru kaɗan masara ta fita daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki. Kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua suka zama wuraren da 'yan kasuwa daga Kudu da Nijar ke zuwa lodi.

Amma masara ba dawa ba ce, ba ta san haƙuri ba. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa a irin wannan yanki ita ce hekta guda na buƙatar naitirojin kusan kilo 120. Tun daga wancan lokaci arzikin yankin ya rataya a kan farashin buhun da ba a nan ake yin sa ba.

Gwamnatoci sun yi ta gwada hanyoyi. A Disambar 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki, aka sanya buhun kamfa a kan naira 5,500. A Maris na 2022 aka buɗe masana'antar Ɗangote a Lekki, mai iya yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ta zo ta tarar da Indorama a Eleme da Notore a Onne. Yau Najeriya na yin yuriyar da ta fi ƙarfin buƙatarta, har tana sayar wa Barazil da Indiya da Amurka.

Duk da haka farashi bai sauko wa manomi ba. Kayan da ake iya sayarwa da dala, da dala ake yi masa kuɗi ko da a gida ne. Ga yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, ga cire tallafin mai a 2023, ga faɗuwar naira, ga kuɗin tirela. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a manyan gonakin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Manoma da dama sun rage masara sun koma waken suya da dawa, waɗanda ba sa cin taki kamarta.

Kilo biyar a kowane buhu

Hanyar da ake bi a kamo naitirojin daga iska ta haura shekara 100. Wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ne ya nuna ta a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913. Ana haɗa naitirojin da haidurojin cikin zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, sai su zama amoniya. Daga amoniya ake yin yuriya da sauran takin naitirojin. Masana na ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya na cin abincin da aka noma da wannan taki, kuma yin sa na cinye kusan kashi 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi.

Ga lissafin a taƙaice. Buhun yuriya mai kilo 50 na buƙatar amoniya kusan kilo 28, wanda ke buƙatar haidurojin kilo 5. Kowane kilo na haidurojin kuma yana cikin ruwa lita 9. Ke nan haidurojin ɗin buhu guda yana kwance a cikin lita 45, bai ma cika jarka biyu ta mai garuwa ba.

Ruwa ba ya sakin abin da ya riƙe da daɗin rai. Sai an sa masa ƙarfin lantarki aƙalla bolt 1.23 a ƙa'ida, a aikace kuma ya kan kusanci bolt 2. Tambayar ita ce daga ina ƙarfin zai fito, kuma nawa zai ci.

A 1972 wasu masana biyu na Japan, Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda, suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Sun tsoma wani ɗan faifai na sinadarin taitaniyam mai haɗe da oksijin a cikin ruwa, irin sinadarin da ke sa farin fenti ya yi fari, suka haska masa fitila. Sai ga kumfar oksijin na tashi daga jikinsa, haidurojin kuma na tashi daga wani ƙarfe da aka jona masa. Faifai guda ya yi aikin farantin sola, ya kuma yi aikin na'urar raba ruwa.

Matsalar ita ce wannan sinadari ba ya shan komai sai hasken da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na hasken rana ba. Sai aka shiga neman ɗan'uwansa mai launi, domin launi alama ce ta shan hasken da ake gani. Dole kuma ya zama wanda ruwa ba ya cinyewa, mai araha, marar guba.

Nan tsatsa ta shigo. Abin da ya riga ya yi tsatsa ba ya ƙara yin wata. Nau'inta ja, wanda masana ke kira hematait, shi ne ke ba jar ƙasa da marmara launinsu, yana kuma cikin tamar da ake haƙa a Itakpe ta jihar Kogi. Yana shan haske daga shuɗi zuwa kusan ruwan lemo. A takarda, zai iya mayar da kusan kashi 15 cikin 100 na hasken rana zuwa haidurojin.

A takarda ke nan.

Kaya sun nuna, hanya ce babu

Idan haske ya faɗa cikin faifan, ya kan fizgo wata ƙwayar lantarki, wato ilektiron, daga mazauninta. Inda ta tashi sai ya zama gurbi. Su biyun nan su ne ma'aikatan. Ita ƙwayar dole ta bi ta bayan faifan ta shiga waya ta je inda za a yi haidurojin. Shi kuma gurbin dole ya fito fuskar faifan, inda ruwa yake, ya ƙwace wata ƙwayar daga jikin ruwan, ta haka ruwan ke tsagewa.

Mutum zai ce ta yaya gurbi zai yi tafiya, alhali shi ba kowa ba ne? Kamar sahun salla ne. Idan wani ya fita daga sahun gaba, na bayansa ya matso ya cike, na bayan wannan ma ya matso, sai a ga gurbin ya yi ta ja da baya har ƙofar masallaci, ba tare da kowa ya ɗauke shi ba.

Haɗarin shi ne ƙwayar da gurbinta suna jan juna. Idan ba su yi nisa da wuri ba, sai ƙwayar ta koma inda ta fito, ƙarfin da aka samu daga rana ya tashi a ɗan zafi, shi ke nan an yi asara. A cikin tsatsa wannan komawa na faruwa ne cikin lokacin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa.

A farantin sola na silikon da ke kan rufin shaguna a Funtua, ƙwayoyin na gudu kamar mota a kan sabuwar kwalta. A cikin tsatsa abin ya sha bamban. Duk inda ƙwayar ta tsaya, sai ta janyo ƙwayoyin zarrar da ke kewaye da ita su karkato, ta haƙa wa kanta rami. Kafin ta matsa gaba sai ta yi tsalle ta fita, ta faɗa wani ramin da za ta sake haƙawa. Duk wanda ya taɓa ganin motar masara ta kafe a taɓo a hanyar ƙauye cikin watan Agusta ya ga misalin abin: nauyinta ne ke haƙa ramin da ke riƙe ta.

Sakamakon haka, nisan da gurbi ke iya yi a cikin tsatsa kafin ya mutu bai wuce nanomita 2 zuwa 4 ba. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin takarda guda ya kai nanomita 100,000. Shi kuwa haske sai ya nutsa kimanin nanomita 100 kafin tsatsar ta shanye shi.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka yi faifan da kauri don ya sha haske sosai, yawancin guraben za a haife su ne can ciki, taku 100 daga bakin ruwa, alhali ƙafarsu ta taku huɗu ce. Idan aka yi shi siriri don su isa, sai hasken ya ratsa ya wuce bai bar komai ba. Tamkar lambun tumatir ne da ya yi kyau a cikin lungu, kwanduna sun cika, amma kafin a kai bakin titi kaya sun ruɓe.

Ko waɗanda suka isa bakin ruwan ma ba su huta ba. Sai gurbi huɗu sun taru kafin a samu ƙwayar oksijin guda, kuma ma'aunin da ƙungiyar James Durrant ta yi a kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna wannan mataki na iya ɗaukar daga wani yanki na daƙiƙa har zuwa daƙiƙa sukutum. A duniyar da ake mutuwa cikin kashi ɗaya na tiriliyan, wannan jira ne mai tsawon gaske. Layi ya kan taru a ƙofa, da yawa su mutu a kan layin.

Dabarun da aka gwada

Dabara ta farko ita ce a kawo titi kusa da gona tunda an kasa kai gona titi. Maimakon faifai mai sulɓi, sai a gina shi da 'yan mitsi-mitsin rassa ko sanduna ko ramuka, ta yadda ruwa zai kutsa ko'ina. Haske zai bi tsawon reshen ya sami kaurin da yake so, gurbi kuma zai fita ta gefe, inda ruwa ke nan kusa.

A 2006 ɗakin binciken Michael Grätzel a birnin Lozan na ƙasar Siwizalan ya fito da tsatsa mai siffar farin kabeji idan aka duba ta a madubin ƙara girma. Ta bayar da miliamfa 2.2 a kowane murabba'in santimita, wanda a lokacin babban ci gaba ne, ko da yake iyakar da lissafi ya ba tsatsa ita ce 12.6. Wasu kuma suka bi ta wata hanyar: suka shimfiɗa tsatsa siririya ƙwarai a kan madubi, don hasken ya riƙa kai da komowa a cikinta har ya ƙare.

Sai dai rassa na da nasu aibin. Duk mahaɗar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya shinge ne da ƙwayar lantarki za ta tsallaka a hanyarta ta zuwa waya. An gyara wa gurbi hanya, an ƙara wa abokiyarsa shingaye.

Dabara ta biyu barbaɗe ce, kamar gishiri a miya. Ana sa ɗan kaɗan na wani ƙarfe, irin su taitaniyam ko silikon ko kuza, a cikin tsatsar. Wannan na ƙara yawan ƙwayoyin da ke iya motsi, faifan ya fi ɗaukar lantarki. Akwai ma wani abin dariya a tarihin dabarar. Masu bincike sun lura cewa idan suka gasa faifan a zafin digiri 800 ya kan fi aiki nesa ba kusa ba. Da aka bincika, ashe ɗaya daga cikin dalilan shi ne kuzar da ke cikin rufin gilashin da aka ɗora tsatsar a kai ce ke kutsawa cikinta. Gishirin ya shiga miya da kansa. Idan barbaɗen ya yi yawa kuma, shi kansa sai ya zama tarkon da ke kama ƙwayoyin.

Wasu masanan sun bar tsatsa sun koma kan wani sinadari rawaya na bismut da banadiyam, wanda masu fenti suka daɗe suna amfani da shi. Akihiko Kudo na Japan ne ya nuna amfaninsa a wannan fage a 1998. Ba ya shan haske kamar tsatsa, iyakarsa kusan kashi 9 cikin 100, amma tafiyar ƙwayoyinsa ta kai kimanin nanomita 70, kuma a cikinsa ƙwayar lantarkin ce mai nawa.

A 2013 Fatwa Abdi da Roel van de Krol a jami'ar Delft ta ƙasar Holan suka yi masa wata dabara mai kyau. Maimakon su barbaɗa ƙarfen tungistan daidai wa daida, sai suka sa shi da yawa a baya, yana raguwa kaɗan-kaɗan zuwa gaba. Wannan ya haifar da gangare a cikin faifan, ƙwayar lantarki na gangarawa baya, gurbi na tahowa gaba, kamar yadda manomi ke karkata kunya don ruwa ya bi inda yake so. Da suka haɗa shi da ɗan farantin silikon, sun sami kashi 4.9 cikin 100.

Shekara guda bayan haka, Kyoung-Shin Choi ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta yi nata faifan mai ramuka kamar soso, inda guda 9 cikin 10 na ƙwayoyin suka rabu da gurabensu lafiya. A 2015 kuma wata ƙungiya a Japan ta raba aikin gida biyu: sandunan sinadarin tungistan a ciki su zama titin ƙwayoyin lantarki, siririn rufin rawayan nan a waje ya sha haske. Sun sami miliamfa 6.72 daga cikin 7.5 da lissafi ya yarda da shi.

Ita kuwa cunkoson ƙofa, maganinta shi ne a shafa wa fuskar faifan wani siririn sinadari mai hanzarta aiki. Wanda ya fi suna shi ne na kobalt da fosfet da Matthew Kanan da Daniel Nocera suka bayyana a 2008 a cibiyar MIT, sai kuma na ƙarfe da nikel, wanda ya fi araha.

Ita tsatsar da aka fara da ita, duk da wannan wahala, mafi kyawun sakamakonta bai wuce kusan rabin abin da takarda ta yi alkawari ba. Kuma ita da rawayan duk ba sa iya gama aikin su kaɗai, sai an ɗora musu ɗan farantin sola a baya ya ƙara musu ƙarfi.

Ƙofar ɗaki biyu ga hekta guda

Me ya sa ake ta wannan fama a kan kashi 5 ko kashi 10? Lissafin rana a kudancin Katsina zai bayar da amsa.

Kowane murabba'in mita a wannan yanki na samun hasken rana kusan kilowat-awa 5 da rabi a yini, idan aka daidaita shekara. Faifan da ke kama kashi 10 cikin 100 zai bayar da haidurojin kusan kilo 6 a shekara, wato fiye da na buhun yuriya guda. Naitirojin kilo 120 da hekta guda ta masara ke so na buƙatar haidurojin kusan kilo 26. Ke nan faifan da bai kai murabba'in mita 5 ba, kimanin faɗin ƙofar ɗaki biyu da ɗoriya, zai iya samar da haidurojin ɗin takin hekta guda.

Amma gwaji mafi girma da aka yi a fili, wanda ƙungiyar Kazunari Domen ta Japan ta wallafa a 2021, mai faɗin murabba'in mita 100, kashi 0.76 cikin 100 kawai ya kama. A wannan mataki, murabba'in mita guda sai ya shekara fiye da 10 kafin ya tara na buhu ɗaya. Akwai faifan da ya kai kashi 19 a 2018, amma an yi shi ne da irin kayan da ake sa wa tauraron ɗan'adam, masu tsadar gaske, waɗanda kuma ruwa ke cinyewa cikin sa'o'i.

Mai araha ba ya aiki sosai, mai aiki sosai ba ya araha kuma ba ya daɗewa. Duk binciken hanyar ƙwayoyin nan ƙoƙari ne na cike wannan rata.

Dole kuma a faɗi gaskiya, fasahar na da kishiya mai ƙarfi. Ana iya sayen farantin sola na kasuwa, a jona shi da na'urar raba ruwa da lantarki, a sami fiye da kashi 10 cikin 100 yau ɗin nan, kuma farashin farantin sola sai faɗuwa yake yi. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a nan. Masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara yin taki da haidurojin na ruwa tun 1960 da wutar madatsar ruwa, ta Sable a Zimbabuwe ta yi haka daga shekarun 1970 har zuwa 2015. A 2023 kamfanin Kenya Nut ya kafa wata ƙaramar na'ura ta kamfanin Talus a Naivasha, mai yin amoniya kusan tan guda a yini da wutar sola, don gonakinsa.

Idan wata rana aka ga ana yin amoniya da rana a Funtua, mai yiwuwa ta wannan hanya za a fara. Faifan tsatsa zai sami shiga ne kawai idan ya zo da arahar da za ta sa a manta da waya da na'ura. Akwai kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Idan gas ya iso Arewa, masana'antar taki irin ta Lekki a kusa da Zariya za ta fi kowace sabuwar fasaha sauƙin lissafi.

Sannan amoniya ba yuriya ba ce. Kafin ta zama yuriya sai an haɗa ta da iskar kabon, wadda masana'antun gas ke samu kyauta daga gas ɗin kansa. Mai yi da rana sai ya nemo tasa daga wani wuri. A Amurka manoma na tura amoniyar kai tsaye cikin ƙasa da tarakta, amma iska ce mai haɗari ga ido da huhu, ba abin da za a auna a mudu ba ne a kasuwar Sheme. Ɗaya takin da ake iya yi da ita ba tare da kabon ba kuma, shi ne wanda hukumomin tsaro ke sa wa ido saboda masu haɗa bam.

Abin da fitilar ɗakin gwaji ba ta sani ba

Ƙasar Hausa ba ta rasa gado a binciken rana ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, kuma ya shafe shekaru yana jagorantar cibiyar makamashin rana ta Nijar. Jami'ar tasa na cikin huɗu a Afirka ta Yamma da suka fara digiri na biyu kan haidurojin a 2021 da tallafin Jamus. A wannan gefen iyaka akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar Ibrahim Shehu Shema a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina, da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda cibiyar binciken nomanta ta Samaru ta fi kowa sanin ƙasar Funtua.

Katsinawa na da dalilin yin taka-tsantsan da manyan alkawura. Injinan iska 37 na Lambar Rimi, masu megawat 10, sun shafe shekaru fiye da goma ana jiran su. Amma yin faifan tsatsa na gwaji ba irin wannan aiki ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a narka gishirin ƙarfe a ruwa, a fesa shi a kan gilashi mai ɗaukar lantarki da aka zafafa. Kayan aunawa ne masu tsada, da kuma wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji.

Akwai tambayoyin da nan ne wurin amsa su. Zafi na rage wa farantin silikon ƙarfi, kowane mai sola ya san haka a watan Afrilu. A irin waɗannan sinadarai kuwa, tunda ƙwayar tsalle take yi daga rami zuwa rami, zafi na taimaka mata ta fita, kuma gwaje-gwaje sun nuna rawayan nan na ƙara ƙwazo idan ya ɗumama. Sai dai zafin na iya hanzarta lalacewar rufin da aka shafa masa. Wanne zai rinjayi wani a ranar bazara ta Malumfashi?

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke rage haske tun daga sama, ta kuma kwanta a kan gilashi. Ga ruwa: na madatsar Mairuwa ko Gwaigwaye sai an tace shi tas kafin ya taɓa faifan, domin laka da gishirin cikinsa za su toshe ramukan da aka sha wahalar ginawa.

Yawancin sakamakon da ake wallafawa an same su ne a kan faifan da bai fi farcen babban yatsa ba, a ƙarƙashin fitilar da ba ta san hadari ko hazo ba. Wani dogon gwajin juriya da aka yi wa rawayan ya kai kimanin sa'a 1,000. Idan aka raba wannan da sa'o'in rana na yini, kwana 100 ne, kimanin tsawon rayuwar masara guda daga shuka zuwa karya. Masu lissafin kuɗin fasahar kuwa shekara 10 suke sa wa faifan a takardunsu.